Na Tara Littattafai Sun Fi 40, Amma Ban Kai Ƙarshen Ko Ɗaya Ba

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 28. Ina aikin albashi, kuma shekara biyu ke nan da na fara 'yar sana'ar saye da sayarwa a gefe. Ban karanta harkar kasuwanci a makaranta ba, shi ya sa na ƙudura a raina zan koyar da kaina. Yanzu littattafan da na tara a waya da waɗanda na saya sun haura 40. Duk wanda na ɗauka sai in yi babi biyu ko uku in ajiye, da na ji ana yabon wani sai in koma kansa. Ɗan abin da na karanta ma, bayan mako biyu ba na iya tuna shi. Ga shi ina son tarihi da kimiyya, amma da na buɗe irin waɗannan littattafan sai zuciyata ta ce ɓata lokaci nake yi, tunda ba kuɗi za su kawo min ba. Don Allah Yaya, ta ina zan fara, kuma yaya zan tsara karatuna na shekara guda?

Ƙaninka mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya wa sana'ar albarka.

Abin da ya tsaya min a rai a wasiƙarka shi ne, ka faɗi yawan littattafan da ka tara amma ba ka faɗi ko tambaya ɗaya da kake so su amsa maka ba. A nan gizo ke saƙa. Wanda ya buɗe littafi ba tare da wata buƙata da ke cinsa a rai ba, ba shi da abin da zai riƙe shi idan ya iso babi mai wuya. Duk littafin kirki kuwa yana da irin wannan babin, galibi bayan marubuci ya gama labaran jan hankali ya shiga ainihin aiki, kuma a daidai nan kake ajiyewa. Kada ka yanke wa kanka hukuncin lalaci. Malalaci ba ya haɗa aikin albashi da sana'a.

Saboda haka kafin ka sake taɓa littafi, ka samu wani dare ka zauna da takarda da biro, ka rubuta abubuwa uku da suka faru a sana'arka cikin 'yan watannin nan waɗanda suka ɗaure maka kai. Ka rubuta su yadda za ka faɗa wa abokinka. Misali: ciniki yana ƙaruwa amma kuɗi ba sa zama a hannuna. Ko kuma: mutum ya saya sau ɗaya, ya yaba, ban sake ganinsa ba. Ko: ban san yadda ake yanka farashi ba, na wasu nake leƙawa in kwaikwaya. Waɗannan tambayoyin su ne manhajarka ta bana, kuma babu wani malami a duniya da zai iya rubuta maka su, domin kai ne ke cikin sana'ar.

Da takardar nan a gabanka za ka bi littattafan nan 40 ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka ba shi minti goma kacal: ka duba ƙumshiya, ka karanta gabatarwa, sannan ka buɗe wani babi daga tsakiya ka karanta shafi biyu. Tsakiyar ce ke fallasa littafi, domin kowa na ƙawata farkonsa. Idan a shafi biyun nan ka ga lissafi, ko mataki da za ka iya bi gobe da safe, ko bayanin dalilin da ya sa wani abu ke faruwa, kuma ya shafi ɗaya daga cikin tambayoyinka, ka ware shi gefe. Idan abin da ka gani shi ne maimaita cewa ka yarda da kanka, ka yi babban buri, ka tashi da wuri, to ka riga ka karanta littafin gaba ɗaya a shafi biyun nan. Ina kyautata zaton waɗanda za su tsira daga wannan tankaɗe ba za su wuce biyar ko shida ba. Sauran ka kwashe su daga wayarka ka adana a inda ba za ka riƙa cin karo da su kullum ba, domin ganinsu kaɗai na sa mutum ya ji kamar ana binsa bashi.

Bari in ɗan tsaya a kan littattafan ƙarfafa gwiwa da tarihin attajirai, don na san su ne suka fi yawa a tarinka. Ba na cewa ba su da amfani sam. Amma akwai wani rami a cikinsu da ya kamata ka san da shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kawo wa wani masanin lissafi a Amurka mai suna Abraham Wald bayanan jiragen yaƙin da suka dawo daga fagen fama, da wuraren da harsashi ya same su, domin a san inda za a ƙara musu sulke. Abin da ya nuna shi ne, waɗannan jiragen ai sun dawo, ke nan harbin da suka sha a waɗannan wuraren bai kayar da su ba. Waɗanda aka harba a wuraren da ke kisa, irin su inji, ba su dawo ba ballantana a ƙirga su. Haka littafin attajiri yake. Zai ce maka ya bar aiki, ya zuba duk abin da ya mallaka a sana'a ɗaya, ya yi nasara. Gaskiya ya faɗa. Sai dai dubban mutanen da suka yi irin wannan kasadar suka karye, babu wanda ya buga littafinsu. Kai da ke riƙe da albashi da 'yar sana'a, ka karanta irin waɗannan don nishaɗi da sanin halin mutane, amma kada ka ɗora shawarar rayuwarka a kansu.

To da me za ka fara? Da lissafin kuɗi. Na san ba shi ne mai daɗi ba, kuma na san kowa na gudunsa, amma ba zan canja maka wannan shawarar ba ko da tambayoyinka uku ba su ambace shi ba. Ilimi ne tsoho wanda ya daɗe yana aiki: tun 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya buga bayanin yadda 'yan kasuwar Venice ke rubuta kowace hulɗa a gefe biyu, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, kuma har yau a kan wannan tushen akantocin duniya ke aiki. Abin da ya shekara sama da 500 ana amfani da shi ya fi cancantar watanninka uku na farko a kan littafin da ya fito bara.

Ga abin da zai buɗe maka ido a kai. A ce ka saro kaya na 1,000, ka sayar da su duka a kan 1,300. A ranka ka ci ribar 300. Amma cikin kuɗin nan, 600 bashi ne a hannun mutanen da suka ce sai ƙarshen wata, ke nan 700 ne suka shigo hannunka. Ka biya dako da waya da sauran ƙananan abubuwa 150. Ribarka ta gaskiya ta koma 150, kuɗin da ke aljihunka kuma 550, wanda ko rabin sarin da ka yi a baya da ƙyar ya wuce. Idan kuma mutum ɗaya da kake bi 200 ya ɓace, ribar ta tafi, ka shiga asarar 50, alhali kana ganin kaya sun ƙare kana murna. Sana'o'i da yawa a haka suke mutuwa, ciniki na tafiya, mai su bai san jarinsa yake ci ba. Duk wani littafin koyon lissafin kasuwanci na matakin farko zai koya maka takardu uku: ta riba da asara, da wadda ke nuna abin da ka mallaka da abin da ake binka, da ta shige da ficen kuɗi. Kada ka bar littafin sai ka iya zana waɗannan ukun da alƙaluman sana'arka, na wata ɗaya, da hannunka. Ranar da ka iya, ka nemi rahoton shekara na wani babban kamfani da ke kasuwar hannun jari, domin irin waɗannan kamfanoni suna wallafa rahotonsu ga kowa, ka buɗe shi. Za ka tarar takardun nan uku ne dai, alƙaluman ne kawai suka fi naka girma.

Bayan lissafi, watanni uku na gaba ka ba su ga abokin ciniki: me ke sa mutum ya saya, me ke sa ya dawo, yaya ake talla, yaya ake yanka farashi. Sannan tattalin arziki a taƙaice, don ka gane abin da hauhawar farashi da kuɗin ruwa da canjin kuɗi ke yi wa jarinka. Ƙarshen shekara kuma ka duba yarjejeniya, haraji da mu'amala da ma'aikata ko abokin tarayya, kuma a nan dole ka nemi abin da aka rubuta game da dokokin ƙasar da kake zaune, domin littafin wata ƙasa zai iya ɓatar da kai. Wannan jerin ba wahayi ba ne. Idan tambayarka ta biyu ta fi ƙona ka, ka gabatar da ita. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa: littafi mai wuya ɗaya a lokaci ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Batun lokaci kuwa, ka yi lissafin da kanka. Shafi 15 a rana, kwana 6 a mako, mako 50 a shekara, ya kama shafi 4,500, wato littafi 15 masu shafi 300. Shafi 15 bai fi ƙarfin rabin awa zuwa minti 40 ba ga yawancin mutane, sai dai littafin lissafi, wanda wata rana shafi huɗu ma ya isa. Ka zaɓi lokaci ɗaya tsayayye da kanka ke sabo, ka ba littafi mai wuya. Idan a waya kake karatu, ka kashe data kafin ka buɗe, in ba haka ba saƙo ɗaya zai ɗauke ka ka dawo bayan awa guda. Kuma kada ka ɗaura wa kanka alkawarin littafi 50 a shekara irin wanda ake yi a shafukan sada zumunta. Wanda ke tseren adadi gajerun littattafai masu sauƙi yake zaɓa, ya gudu daga waɗanda za su amfane shi.

Yanzu mantuwar da ka yi kuka da ita. Ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau, haka ta kowa take. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kansa, ya nuna cewa sabon abin da aka koya yana zubewa da sauri a awanni da kwanakin farko, sannan zubewar ta lafa, kuma waiwayarsa lokaci bayan lokaci na sa ya zauna. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu ƙoƙarin tunowa suka wuce su. Ka lura da wannan da kyau, domin yana bayyana dalilin da ya sa ja wa jimla layi da sake karantawa ke sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali abin bai shiga ba.

Abin da za ka yi ke nan. Ka samu littafin rubutu guda ɗaya. Duk babin da ka gama, ka rufe littafin ruf, ka rubuta layi biyar daga ka: me marubucin ya ce, wane dalili ya kawo, me ban yarda da shi ba, kuma me zan gwada a sana'ata a wannan makon. Idan littafin ba da harshen uwarka aka rubuta shi ba, ka rubuta layukan da harshenka, domin abin da ka kasa faɗa da bakinka ba ka gane shi ba tukuna. Sai bayan ka rubuta za ka buɗe ka ga abin da ya kuɓuce maka. Ƙarshen mako ka waiwayi shafukan, ƙarshen wata ma haka. Layin ƙarshen nan, na abin da za ka gwada, shi ya fi kowanne nauyi. Idan ka karanta babi kan bashi, makon nan ka rubuta sunan duk wanda kake bi da ranar da ya karɓa da ranar da ya yi alkawari. Abin da hannunka ya aikata ba ka buƙatar haddace shi.

Wannan dabi'ar rubutawa ta taɓa sauya rayuwar wani gaba ɗaya. Michael Faraday, wanda aikinsa kan lantarki da maganaɗisu ya zama tushen injin janareta, bai yi wani dogon karatun makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a Landan, ya riƙa karanta waɗanda ake kawowa a ɗinka. A 1812 ya halarci laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji dalla-dalla, ya ɗinke shi ya zama littafi ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki.

Sai zancen tarihi da kimiyya, kuma a nan nake so ka saurare ni sosai, don muryar nan da ke ce maka ɓata lokaci kake yi ba ta faɗa maka gaskiya. Littafin kasuwanci yana koya maka yadda ake tafiyar da sana'a a duniyar da ake ciki yau. Abin da ke sauya duniyar kanta kuwa, a tarihi da kimiyya ake ganinsa. A 1956 wani mai motocin dakon kaya a Amurka, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Wannan akwatin ƙarfen ya karya kuɗin lodi da sauke kaya, har ya zama ana iya ƙera abu a wata nahiya a sayar a wata a ci riba, kuma duk mai saye da sayarwa a yau yana cikin inuwar wannan sauyin ko ya sani ko bai sani ba. Kamfanin Kodak kuma, injiniyansa Steven Sasson ne ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, amma ribar kamfanin a fim take, ya yi nawa wajen sakin abin da ya saba, har ya kai ga karyewa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Wanda ya san irin waɗannan labaran yana kallon sana'arsa da wani ido daban, yana tambayar kansa me zai iya zuwa ya sa kayansa su daina amfani.

Su kansu waɗanda suka aza harsashin ilimin tattalin arziki ba a cikin kasuwanci kaɗai suka tsare kansu ba. Adam Smith, wanda littafinsa na 1776 ya kawo misalin masana'antar fil inda mutum goma da suka raba aiki ke iya ƙera kusan 48,000 a rana, malamin falsafar ɗabi'a ne a jami'ar Glasgow. Ibn Khaldun kuwa tarihi ya zauna rubutawa, amma a Muƙaddimarsa ta 1377 ya yi bayanin yadda daula ke samun kuɗin shiga mai yawa da haraji kaɗan a farkonta, sannan a ƙarshenta ta tsawwala haraji kuɗin shigar ya ragu saboda an kashe wa masu nema gwiwa. Amma ko da babu ɗaya daga cikin wannan, ko da littafin taurari ba zai taɓa ƙara maka ciniki ba, ka karanta shi. Kai mutum ne kafin ka zama ɗan kasuwa, kuma son sanin yadda duniya take abu ne mai daraja a karan kansa. Ina tsoron ranar da za ka kashe wannan sha'awar da hannunka, domin ita ce ke sa ka buɗe littafi tun farko, kuma idan ta mutu littattafan kasuwancin ma za su bi ta.

Don haka ka riƙe littafi na biyu a gefe, na son rai, ka karanta shi da dare ko ranar hutu. Shi babu rubutu, babu jarrabawa, babu dole. Ka zaɓi abin da ranka ke so, labarin ƙirƙira ma ya shiga ciki. Idan ka yi shafi 50 bai kama ka ba, ka ajiye ba tare da jin kunya ba. Mai wuyan ne kawai ba a ajiyewa don ya yi wuya. Ana ajiye shi idan ya amsa tambayar da ta kai ka gare shi, ko ya bayyana cewa ba zai amsa ta ba, kuma ba dole ba ne ka karanta kowane babi.

Abubuwa biyu a gurguje. Ka daina tara sababbi har wata uku. Wanda ka ji ana yabo ka rubuta sunansa a shafin ƙarshe na littafin rubutunka, in da rabo za ka iso shi. Idan kuma cikin tarinka babu na lissafin kuɗi mai kyau, akwai shafin intanet na OpenStax na Jami'ar Rice da ke ba da littattafan karatu kyauta ta halattacciyar hanya, har da na lissafin kasuwanci da tattalin arziki, tsofaffin littattafai kuma suna nan a shafin intanet na Project Gutenberg. Sannan ka nemi abokin tafiya ko da mutum ɗaya ne. Benjamin Franklin yana ɗan shekara 21, a 1727, ya haɗa wasu masu sana'ar hannu a Philadelphia suna zama duk daren Juma'a suna tattauna abin da suka karanta, kuma daga wannan zaman aka kafa ɗakin karatu na karo-karo a 1731. Kai ma idan ka san ranar Asabar wani zai tambaye ka me babi na huɗu ya ce, za ka karanta babi na huɗu.

Makon nan dai aikinka bai wuce takardar tambayoyi uku da tankaɗe littattafan ba. Mako mai zuwa ka buɗe na lissafi. Idan wata ya cika ka zana takardun nan uku na sana'arka, ka sake rubuto min abin da ka gano game da ribarka da kuɗin da ke hannun mutane, sai mu duba littafin da ya kamata ya biyo baya. Allah ya ba da sa'a, ƙanena.